Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Abubuwan Tarihi Da Yaranku Suka Tono Mana A Wannan Zangon

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, barkanmu da war haka, da fatan kowa yana lafiya, ya gida ya iyali ya kuma haƙuri da mu.

Wasiƙar wannan karon ta ɗan yi tsawo, dan Allah a daure a karanta har ƙasa don sanarwar hutu da ta taron iyaye suna can ƙarshe. Abin da ya ja tsawon shi ne tun farkon zango muka ware minti goma a asambulin ranar Alhamis, kowane mako aji ɗaya zai fito ya kawo labarin tarihi da suka bincika da kansu, ko na wani wuri ko na abinci ko na al'adar sallah ko na wani da ya ƙirƙiro wani abu, sharaɗin kawai shi ne sai labarin ya taɓo abin da yaro yake gani da idonsa a nan Zariya. Iyaye da yawa sun yi ta tambaya a guruf ɗin WhatsApp wai me ya sa yara suke dawowa gida suna cewa a ba su kuɗi su duba hoto, ko su tsaya kan uwa a kicin suna tambayar daga ina tumatir ya zo. To ga amsar, kuma ni dai ina so ku ji abin da suka ji don hirar ta ci gaba a gida.

Maganar kuɗin 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ne suka kawo ta. Suka ɗaga naira biyar da naira ashirin da naira ɗari biyu suka ce me ya haɗa mutanen da ke jiki, wato Tafawa Ɓalewa da Murtala da Sardauna. Kowa ya ce shugabanni ne, suka ce e amma da saura, dukkansu makaranta ɗaya suka yi, ita ce Barewa ɗin nan da muke wucewa kullum a hanyar Gaskiya. An buɗe ta a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan ta sauka Zariya a 1949, shi ya sa Ɓalewa da Sardauna a Katsina suka yi karatun shi kuma Murtala a nan. Gowon da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa ma duk sun bi ta cikinta. Ita kanta unguwar Gaskiya ai daga gidan ɗab'in nan ne da ke buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, iyayen iyayenmu da yawa a jikinta suka goge karatun boko.

Sai suka juya bayan naira ashirin, ga wata mata zaune tana gina tukunya. Wallahi har cikin malamai akwai wanda bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba. Ladi Kwali ke nan, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari, a hannun 'yan'uwanta ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da wani Bature Michael Cardew ya buɗe a Abuja, tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka ana baje kolinsu, kuma a 1977 jami'ar ABU ta nan garin ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Mace da yumɓu a hannu. Na ga yadda 'yan mata suka gyara zama a wurin.

Kuma fa Abujar da ta yi aiki a ciki ba ita ce Abujar yanzu ba, a nan ne labarin ya dawo gida. Lokacin jihadi a farkon shekarun 1800 da Malam Musa ya shigo Zazzau da tuta, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya fice da jama'arsa ya yi kudu har Zuba, masu ba da labari ma suna cewa yana filin idi ne a bayan gari abin ya rutsa da shi bai samu komawa fada ba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, shi ne Abuja ta asali. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja daga sunan sarkin lokacin Sulaimanu Barau, kuma har gobe sarautar can Sarkin Zazzau ake ce mata. Ke nan duk wanda ya ce zai tafi Abuja sunan wani basaraken Zazzau yake kira ko ya sani ko bai sani ba.

Sarauniya Amina kam kowane yaro ya san sunanta, 'yar Bakwa Turunku, mai yaƙi, mai ganuwa. Abin da ba su sani ba shi ne abin da tsohon kundin tarihin Kano ya rubuta a kanta, cewa ta yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙe har ta kai Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da goro dubu goma, a zamaninta ne aka ce goro ya fara yawaita a ƙasar Hausa. Mun kai manyan 'yan firamare sun ga abin da ya rage na ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, gaskiya abin ya taɓa ni, wani wurin an kwashe ƙasar an yi gini da ita wani wurin ya zama juji, yaro ɗaya ya tambaye ni wai Malama ina ganuwar take alhali a kanta yake tsaye. Dan Allah in kuna wucewa da su ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kona ko Ƙofar Kibo ku riƙa faɗa musu sunan ƙofar, wannan kaɗai ma wani abu ne. Haka babban masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizon nan da ke riƙe da rufinsa da masu karatun zanen gine-gine suke zuwa daga ƙasashen waje su auna su rubuta littafi a kai. Kun dai san abin da ya faru a watan Agustan 2023 da wani sashe ya rufta ana cikin sallah, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya sa sun huta.

Daga goron Amina ne wani aji ya ja zare har Amurka. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya Gwanja da jakuna, a ƙasar Ghana ta yanzu, su kai kanwa da tufafi da fata su sayo goro, tafiyar watanni, wasu ma ba su dawo ba suka zauna can shi ya sa har yau akwai zango-zango na Hausawa a Kumasi da Accra. A 1886 kuma wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta mai suna John Pemberton ya haɗa wani abin sha da ya sa wa sinadarin goro a ciki, shi ne Coca-Cola. Wato goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna yana da hannu a lemon da ya fi kowanne suna a duniya.

Amma ranar da ta fi kowacce armashi ita ce ranar kayan miya. 'Yan aji biyu suka zo da faifai biyu suka ajiye a kan tebur gaban asambuli, suka zube kayan cefane a tsakiya, suka ce duk abin da yake ɗan gida ne a sa a faifan dama, baƙo kuma a faifan hagu. Aka kira wata ƙaramar yarinya ta raba, ba ta yi wata-wata ba ta kwashi tumatir da tattasai da attaruhu da gyaɗa da masara ta zuba a dama, ta tsaya tana murmushi. Sai mai gabatarwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mai da su hagu, wuri ya kaure da a'a a'a har da masu gadi. To gaskiyarsa ce. Tumatir da duk dangin barkono da masara da rogo da gyaɗa da dankali da gwanda da abarba duk daga nahiyar Amurka suka fito, babu ko ɗaya a nan sai bayan 1492 da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da kawowa, 'yan Fotugal ne suka sauke da yawansu a gaɓar teku suka yi ta hawowa arewa sannu a hankali. Masara daga Meziko, rogo daga wajen Barazil, gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 ita ma daga Kudancin Amurka take. Ke nan duk faɗin mulkin sarakunan farko na Zazzau ba su taɓa cin tuwon masara da miyar tumatir ba, ba ƙuli-ƙuli ba kunun gyaɗa.

Faifan dama bai tashi fayau ba fa. Gero yana ciki, wanda aka fara nomawa a yankin Sahel ɗin nan namu sama da shekara dubu huɗu, ga dawa ga wake ga acca ga kuɓewa ga kuka ga daddawa, kuma har yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya. A kan daddawar ne na ɗan tsawaita magana da su, saboda na lura yaran yanzu suna toshe hanci in an ambace ta suna ganin Maggi ne wayewa. Maggi sunan wani mutumin Suwizalan ne, Julius Maggi, ɗan mai injin niƙa, kuma dunƙulen bai fito ba sai 1908. Kakanninmu kuwa tun kafin nan da nisa sun san a dafa kalwa ta yi laushi a surfe a wanke a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta yi, a kirɓa a mulmula a shanya, ta yi watanni ba ta lalace ba, kuma abinci ce mai gina jiki ba gishiri zalla ba. Wannan kimiyya ce tsagwaronta, mata ne suka gano ta suka riƙe ta, ban ga dalilin da yaro zai ji kunyar miyar gidansu ba. Indomie da suke so kamar me kuwa daga Indonesiya take, asalin dabarar taliyar minti uku kuma wani mutum ne a Japan, Momofuku Ando, ya fito da ita a 1958.

Iyayenmu manoma ku duba jikin buhun iri, in kun ga SAMMAZ ko SAMPEA ko SAMNUT ko SAMSORG to daga Samaru ya fito, cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda ta fara a matsayin tashar gwaji tun 1922, shekara arba'in kafin a buɗe ABU ɗin kanta a 1962. Irin da ake shukawa a jihohi da yawa a bayan gidanmu ake fitar da shi.

A ɓangaren masu ƙirƙira yara sun fara da tunanin dole sai Bature, shi ya sa malamin kimiyya ya fara musu da Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Dutse ta Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi da ruwa, a zuba kayan lambu a ƙaramar a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska yana tafiya da zafin, dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi ke nan, shi ya sa ma ta fi aiki da rani kan damina. A gwajinsa yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, kuma a shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne da kayan suka daina saurin ruɓewa ba dole a tura yarinya talla kullum don a rabu da su ba, sai ta samu zuwa makaranta. Yaranku sun haɗa tasu a bayan ajin kimiyya, tukwane biyu daga kasuwa da yashin bakin rafi, suka sa tumatir a ciki suka bar wani a kan taga, kullum da safe ana rububin wanda zai zuba wa yashin ruwa. Na kan taga ya yamutse ya fara tsiyaya, na cikin tukunya kuwa in ka ɗaga tsumman ka sa hannu sai ka ji sanyi, tumatir jawur da ƙarfinsa. Da yanayin wutar da muke ciki ina ba kowane gida shawara a gwada.

Sun kuma ji labarin wani malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu can a 1741, ya bar rubutu a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda duk layin da ka haɗa jimla ɗaya zai ba ka. Ga aikin hutu har da ku iyaye, gida tara, uku sau uku, a jera 1 zuwa 9 kowane layi ya ba da 15, a tsaye da a kwance da a karkace. Biron da ke aljihun yunifom ɗinsu kuma sunan mai shi ne, László Bíró, ɗan jarida a ƙasar Hangari da ya lura tawadar buga jarida tana saurin bushewa, shi da ɗan'uwansa masanin sinadarai suka fito da alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki a 1938, daga baya ya koma Ajantina, can har ranar haihuwarsa 29 ga Satumba suka mai da ranar masu ƙirƙira. Sai Louis Braille ɗan Faransa da ya ji rauni a ido yana ɗan shekara uku a shagon babansa har daga baya ya makance, yana shekara 15 ya gama tsara rubutun makafi na ɗigo shida da ake amfani da shi har yau. Sa'an 'yan aji uku ke nan.

Tunda azumi ya ƙarato makonnin ƙarshe muka ba al'adun sallah. Sun gane dalilin da ya sa baba zai ce ya yi azumi cikin sanyi yana yaro, ya kuma yi cikin zafin bazara, shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa sha ɗaya, to cikin kamar shekara 33 azumi yake zagaye rani da damina ya dawo inda ya faro. Hawan sallah kuma ba ado ne kawai ba tun asali, hakimai ne suke kawo dawakai da mayaƙansu sarki ya ga shirin da suke da shi, jahin nan da ake sukuwa a ja linzami a gaban sarki a ɗaga hannu mubaya'a ce, lifidin da ke jikin doki da mahayi kuma rigar kariya ce daga kibiya da mashi. Hawan Bariki ya samo asali ne zamanin Turawa da sarki yake hawa ya je wajen Razdan, ga kuma Hawan Daushe. An yi gagarumin hawa a Kaduna a 1956 da Sarauniyar Ingila ta zo, an sake a 1977 lokacin bikin al'adun Afirka na FESTAC, a Disambar 2024 kuma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Yaranmu Kirista 'yan Wusasa da Sabon Gari su ma sun kawo nasu, cewa al'adar ƙawata bishiyar Kirsimeti daga Jamus ta yaɗu, kuma tsohuwar cocin Wusasa ta 1929 da ƙasa aka gina ta irin ginin Hausa.

Tashe ne ya ba ni tausayi. Da aka tambayi 'yan firamare wa ya taɓa yin tashe hannuwa kaɗan ne suka tashi, wasu ma a waya kawai suka gani. Da goma ga azumi ta yi ai unguwa ba ta zama shiru, yaro ya manna gemun auduga ya ɗaura tsumma a ciki ya riƙe sanda yana tafiyar tsofaffi, 'yan mata da ƙwarya a kan ruwa suna kaɗawa, a shiga gida-gida a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, kuma kowane wasa da abin da yake koyarwa, ana yi wa rowa da lalaci da zaman gwauro shaguɓe cikin raha. Na san yanayin tsaro ya sa da yawa ba sa barin yara fita da dare kuma ban ga laifinku ba, amma ko a tsakar gida ne a koya musu, mu ma za mu yi namu a makaranta da rana.

Abin da muke roƙo shi ne wannan. Duk abin da na lissafa a sama akwai shi a littafi, amma yadda kaka take daddawa, da wace ƙofa kakan yaro ya shigo Zariya, da nawa ake sayar da tiyar gero kafin naira ta zo a 1973 lokacin fam da sule da sisi, wannan ba mu da shi sai a bakinku. Kowane yaro zai zo gida da takarda mai tambaya biyar, dan Allah a zaunar da shi gaban wani babba a gidan ya tambaya ya rubuta da hannunsa, da Hausa ma ya yi, kada a ba shi waya ya kwafo.

Zango mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi ranar tarihi, duk mai tsohon kaya irin su kwabo mai huji, anini, akushi, fitilar aci-balbal, dutsen guga na gawayi ko tsohon hoto ya ara mana, za a rubuta suna a ajiye a ofis a mayar wa kowa da abinsa a ranar. Kakannin da za su iya zuwa su yi wa yara hira a sanar da malamin aji, za mu tanadi wurin zama da mai ɗauko su.

Hutu zai fara ranar Juma'ar da aka gama jarrabawa, katin sakamako kuma uba ko uwa ko mai riƙo ne zai karɓa ba za a ba yaro ba. Taron iyaye da malamai ranar Asabar ɗin da ke biye da ƙarfe goma na safe. Masu sauran kuɗin makaranta a daure a leƙo ofis a yi magana, in da matsala a faɗa mana kada a ɓoye yaro a gida. In an kai su kallon hawa kuma a riƙe hannun ƙanana sosai, a nisanta da inda ake jahi.

Mun gode ƙwarai, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka, ya kai mu azumi lafiya.

Taku,
Shugabar makaranta, a madadin dukkan malamai